Ranar da Mai Kunne Ya Ciji Ƙarfe

Shekara talatin da takwas Mai Kunne ya yi yana gyaran motoci a wata rumfar kwano da ke ƙarshen layin masu walda. Yadda yake aiki ne ya jawo masa sunan. In aka kawo tsohuwar mota, ba ya taɓa sifana sai ya saurare ta tukuna. Zai sa a tayar da ita, ya ɗora bakin wata doguwar sandar ƙarfe a jikin inji, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya lumshe ido. Daga nan ya kwance fulogai, ya jera su a kan tsumma daga na ɗaya zuwa na huɗu, ya ga wanda ya yi baƙi da wanda ya jiƙe. Ya murza baƙin mai tsakanin yatsu, ya zagaya ya dubi hayaƙin salansa. Bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne kunnen ya soma mutuwa. Na hagu ya fara, na dama ya bi sahu a hankali. Ya koyi kallon bakin mai magana, ya koyi yin dariya in ya ga ana yi. Ido da yatsu suka ci gaba da rufa masa asiri.

Wata Talata da hantsi taubashinsa Tela ya shigo da motar da ta shekara ashirin da shida a hannunsa. Da ita yake kai mai ɗakinsa wankin ƙoda a wani gari, Laraba da Asabar, tafiyar awa biyu, rabinta daji. In ta rasa rana guda ƙafafunta kumbura suke yi, numfashi ya gagare ta.

"Kai tsohon banza, zo ka ji tsohuwarka," in ji Tela. "In na taka totur sai ta riƙa wani ƙwas-ƙwas."

"Gwiwarka ka ji, ba mota ba. Tayar mu gani."

Ya kara sandar a kunnen dama. Ba abin da ya iso masa sai wani gunji daga nesa, kamar injin niƙa a bayan katanga. Ya gyaɗa kai yadda ya saba. Fulogi na uku ya yi baƙi, ya sauya shi. Ya wanke kafireta, ya daidaita wuta, ya rufe bonet.

"Ta warke. Je ka ka ci gaba da ɓata wa mutane yadi."

Yana tsugune yana wanke hannu, ya ba motar baya, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Tela ne, kuma babu wasa a fuskarsa.

"Ƙarar tana nan. Sau uku na kira ka, har mai walda ya waiwayo."

Mai Kunne ya buɗe baki zai mayar da abin raha, kamar yadda ya yi wa wasu da yawa. Sai idonsa ya sauka a kujerar baya. Matashin kan matar Tela na nan, da bargon da take lulluɓa da shi in sun dawo tana rawar sanyi.

Ya sake buɗe bonet, ya ce Tela ya taka totur. Wannan karon bai kai sandar kunne ba. A gaban masu walda da masu wucewa ya sa ta a baki ya cije. Ƙarar ta biyo ƙarfen, ta ratsa haƙoransa, ta hau ƙashin kansa. Can ƙasan injin wani abu na dukan ɗan'uwansa. Ya san wannan dukan. Injin na gab da bugawa, kuma da wuya ya kai tsakiyar dajin.

Ya zare sandar, ya tofar da ɗan gefen haƙorin da ya ɓalle.

"Kada ka fita da ita gobe."

"Tun yaushe, Yaya?" Tela ya tambaya, yana nuna kunnensa.

"Shekara guda da wata huɗu."

Da yammar nan Mai Kunne ya bi layin rumfa-rumfa har ya samo direban da zai kai matar asibiti washegari. Da aka sauke injin ranar Alhamis, sai aka tarar da ɓarnar daidai inda ya ji dukan.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo da ƙorafin ƙara sai ya tura shi wurin bakaniken tsallaken titi, shi kuwa ya tsaya ga abin da ido ke gani. Sandar tana rataye a jikin ƙusa. 'Yan layi ba su daina kiransa Mai Kunne ba, don baki ya saba. Tela kan zo ya zauna a gabansa, ya yi magana a hankali, yana cewa Yaya kaza, Yaya kaza. Shi kuwa ya zuba wa leɓɓansa ido, ko zai ga sun sake cewa tsohon banza. Har yau bai gani ba.