Muryar Baba a Cikin Kwamfuta Mai Araha

Saboda araha na sayi kwamfutar, ba zan yi ƙarya ba. Ƙarama ce, baƙa, marar nauyi, kuma ta zo da tsarin Linux maimakon wanda kowa ya saba da shi a Haɗeja. Mai shagon ya ce in ina so a canza min, na ce a bar ta yadda take. Da farko ƙyuya ce kawai, daga baya muka saba. Na jera komai yadda raina ke so, ba ta damuna da zancen lasisi, ba ta tsayawa sabunta kanta ina tsakiyar buga jarrabawar ɗalibai. Malaman makarantarmu suna ce mata 'yar ƙauye. Ni kuwa ban taɓa roƙon kowa ya so ta ba.

Da ita na ɗauki muryar Baba. Gonakinmu na shinkafa suna fadamar Auyo, inda ruwa ke shafe iyaka duk shekara, in ya janye sai dattawa su fito su nuna inda gonar kowa ta tsaya. Baba yana cikin masu nunawar. Da tafiya ta fara gagararsa, sai na riƙa zuwa ran Asabar in ajiye kwamfutar a kan tabarma, shi kuma yana faɗa: daga giginyar da tsawa ta fasa zuwa tsohon kwari, daga nan a karkata gabas. A tsakani yakan saki hanya ya shiga labarin kamun kifi, ko ya tsokani Inna a kan kunun da ta dama. Ban yanke komai ba. Ban kuma kwafe a wani wuri ba, kullum ina cewa sai an yi hutu. Bayan rasuwarsa, duk zuwan da na yi sai Inna ta sa na kunna mata.

Da damina, ina dawowa daga Auyo a kwalekwale, ruwa ya fantsamo cikin jaka, wurin caji ya daina aiki. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, mutumin kirki, na taɓa koyar da ƙanwarsa. Na nuna masa ramin cajin na yi tafiyata.

Masu gyaran garinmu suna da wata al'ada. In sun ga abin da bai yi musu ba a kwamfutarka sai su wanke ta tas, kamar yadda bakanike zai ɗaure maka birkin babur ko ba ka ce ba. Na san da wannan, ranar ce dai bai zo min a rai ba.

Bayan kwana biyu ya miƙo min ita yana murmushi. Ya ce caji ya gyaru, kuma da ya kunna ya ga an cuce ni, an sa min wani abu da ba a gane kansa.

"Na goge shi duka, Malam, na sa maka irin na mutane. Wannan kyauta ce, don girmanka."

Na tambayi abubuwan da ke ciki. Ya ce sai da ya haɗa ta da tasa ya duba, babu komai. Ba ƙarya ya yi ba, tasa ce ba ta iya karanta tawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa inda zan sauke, don alheri ya yi niyya. Har godiya na yi masa, bakina ya riga ni.

A yini ɗaya na mayar da Linux ɗina. Muryar ce ba ta dawo ba, ko da na kai Kano aka gwada.

Da ruwa ya janye, maƙwabcin gonarmu ya nuna iyaka, na karɓa yadda ya faɗa. Ko daidai ne, ko ya ci mana taku goma, ban sani ba, kuma bai dame ni sosai ba. Daga fadama na wuce gida. Inna, wadda har lokacin ban gaya mata ba, ta ga jakar a kafaɗata, ta shimfiɗa tabarmar nan, ta gyara zama.

"Kunna min shi," in ji ta, "wurin da yake kushe min kunu."