Shafin da Maigidana Bai Gani Ba

Maigidana ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin jirgin ƙasa a Kafanchan. Da jirage suka fara ƙaranci, tasha ta koma wurin kiwon awaki, sai ya ajiye aikin ya sayi wata tsohuwar mota mai dogon baya. Ba haya yake yi irin ta tasha ba. Baƙi yake ɗauka: masu sayen citta daga Legas, baƙin ikilisiya, wani lokaci Turawa masu son ganin duwatsu. Ya san kowace hanya daga Zonkwa zuwa Manchok, ya san wace gada ruwa ke shanyewa a watan Agusta, ya san gidan da za a ba baƙo ruwa mai kyau. Ni kuwa malamar firamare ce, ina koyar da Turanci a aji biyar.

Tun da garin ya sha tashin hankali baƙi suka ɗauke ƙafa. Sai motar ta yi mako biyu a gindin mangwaro ba ta motsa ba, shi kuma kullum da safe sai ya wanke ta.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wasiƙa ta zo daga ƙanwarsa, wadda take aikin jinya a Ingila. Ta ce mijinta ya iya kwamfuta, kuma zai yi wa yayanta shafi a wani abu da ake kira intanet, inda mutum a kowace ƙasa zai ga sana'arsa ya neme shi. Abu huɗu kawai suke so mu aika: sunan sana'ar, bayani da Turanci, hotuna shida, da lambar waya.

Na karanta masa sau biyu. Ya ce, "Maman yara, wato kamar allon sanarwa ne?"

Na ce, "Haka na fahimta. Amma wanda ake gani daga nesa."

Rabon da in ga ya yi dariya irin ta ranar har na manta.

Bayanin ne ya fara cin mu. Bayan an tashi daga makaranta sai mu zauna a baranda, yana faɗa da Hausa ina juyawa. Na rubuta cewa motar tana da daɗin zama. Ya ce in goge.

"Kujerar baya ta lotsa. Idan mutum ya taso daga wata ƙasa ya zauna a kai, me zan ce masa?"

"Baban yara, haka ake talla."

"Rubuta cewa direban ba ya gudu, kuma ba ya shan giya. Wannan gaskiya ne."

Haka na rubuta. Sau bakwai na sake kwafe takardar nan kafin ya yarda, sannan na buga ta da tafiretar ofishin hedimasta.

Waya ba mu da ita. Wani dattijon ikilisiyarmu mai shagon magani ya ce mu sa lambarsa, in an kira zai aiko. Ya dai gargaɗe mu cewa layin yakan mutu ya yi kwanaki.

Hotuna kuma sai da muka ɗauki mai hoto yini guda. Muka je inda ruwa ke zubowa a Matsirga, muka je gindin dutsen Kagoro, muka je Fadan Kagoma inda dangina suka shanya citta a kan fako. Daga ƙarshe muka biya rugar wani Ardo kusa da Manchok, abokin maigidana tun suna samari. Shi ne ya yarda a riƙa kawo baƙi su sha nono su ga shanu.

Ardo ya dubi kyamarar ya ce, "Aboki, wa zai ga wannan?"

Maigidana ya ce, "Duk duniya."

"To, bari in sake riga." Ya shiga bukka ya fito da shuɗiyar riga da malafa. Sannan ya ce wa mai hoto, "Saniya uku kawai za ka ɗauka. Duk duniya ba za ta ƙirga mini garke ba."

A hanyar dawowa ne abin ya fara. Rana tsaka, hanya a buɗe, sai maigidana ya wuce mararrabar da za mu karya zuwa gida. Na ce masa ya wuce. Ya taka birki ya ce tunani ne ya ɗauke shi. Da aka wanko hotunan kuma, na ga yana karkata kai yana kai kowanne gefen fuskarsa kafin ya ce ya yi kyau. Na gani, na yi shiru. Na gaya wa kaina tabarau yake buƙata. Wannan shirun har yau yana ci na.

Muka haɗa komai a ambulan, muka ba wani fasto da zai yi tafiya Ingila. Ya yi wata biyu kafin ya tashi, ya yi wani wata kafin ya haɗu da ƙanwar. Sai wasiƙa ta dawo: hoton ruwan ya yi duhu, kuma sunan da muka zaɓa ya yi tsawo. Muka sake ɗauka, muka gajarta sunan, muka sake neman mai tafiya. Damina ta wuce, aka haƙe citta, aka yi Kirsimeti. Duk wanda ya tambaye shi a ƙofar majami'a sai ya ce, "Ana kan shiri." Wasu suka fara kiransa Baba Intanet, yana amsawa.

Ranar wata Laraba ya dawo daga kasuwa a ƙafa. Na tambaye shi ina mota. Ya zauna a kan benci, sannan ya ce ya buge wata mata mai ɗauke da tiren ayaba. Ba ta ji ciwo ba, gefen madubi ne ya taɓa ta. Amma ya ce, "Ban gan ta ba. Tana nan dab da ni, ban gan ta ba sam."

Muka je asibitin ido a Kaduna. Likita ya haska, ya auna, ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin jijiyar. Idon hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ya ba da maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage. Ya ce maganar tuƙi kuwa a bar ta.

Bayan sati uku dattijon mai shagon magani ya zo da kansa. Ya ce an kira daga Ingila, shafi ya hau. Ya miƙo mini adireshin shafin a bayan takardar magani.

A Kafanchan babu inda za a buɗe shi. Na ce mu bari. Maigidana ya ce a'a, sai ya gani. Muka shiga motar haya zuwa Jos, shi da bai saba zama a baya ba. Muka sami wani shago mai kwamfuta huɗu, wata mata ta buga mana adireshin. Hoton ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan daga sama: malafar Ardo, goshinsa, sannan ƙahon saniya. A ƙasa ga maigidana jingine da motarsa, ga sunansa da manyan baƙaƙe.

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karkata dama, ya karkata hagu.

"Haske kawai nake gani," in ji shi. "Karanta mini."

Na karanta masa kalmomin da muka yi wata da watanni muna gyarawa. Da na zo inda aka ce direban ba ya gudu, sai na dakata. Matar shagon ta juya baya tana gyara takardu. Shi kuwa ya ce, "Ci gaba mana. Sun sa lambar daidai?"

Sun sa daidai. A hanyar dawowa, sai da muka sauko Manchok ya tambaye ni ko shuɗin rigar Ardo ya fito. Na ce ya fito.

Mutum biyu ne suka taɓa nema. Mata da miji ne, malaman makaranta daga wata ƙasar Turai. Mijin ƙanwar ya bugo saƙonsu a takarda ya aiko mana. Sun ce sun ga shafin, sun ji daɗin yadda aka faɗi gaskiya a ciki, suna so su zo kwana goma a watan Disamba, kuma suna so shi ya tuƙa su.

Na ce mu nemi wani direba, shi ya zauna a gaba yana ba da labari. Ya girgiza kai.

"In nuna musu me? In ce ga dutse can, ina nuna gonar dawa?"

"Ka san wuraren ko da ido a rufe."

"Maman yara, ɗauko biro."

Ya faɗa, na rubuta. Ya gode musu. Ya ce direban ba shi da lafiya kuma ba zai warke ba, Ubangiji ya kai su wani wuri mai kyau. Ya ce in ƙara layi ɗaya zuwa ga mijin ƙanwarsa, a sauke shafin, kada wani ya sake ɓata lokacinsa.

Washegari na kai wasiƙun gidan waya kafin in wuce makaranta. Ban iya koyar da komai ba ranar, na ba yara aikin rubutu na zauna. Da na dawo na same shi a baranda, ya sa takalmi da rigar fita, hannuwansa a kan gwiwa. Na tambaye shi ina za shi. Ya ce babu ko'ina, ya tambaye ni ƙarfe nawa.