Neman Mai Haɗa-Baki a Tamawa

Daga Dutsin-Ma

Shekarar da na gina wa Inna, mahaifiyata, sabon ɗaki, sai ta ce ba za ta tare ba sai an yi mata daɓen haɗa-baki irin na gidansu. Matan unguwa sun iya daɓe, amma ba wadda ta taɓa jin wannan suna. Inna kuwa ido ya yi rauni, ba ta iya nunawa. Ta ce in nemo ƙawarta Iya Dije a Tamawa.

Ina idar da sallar asuba na hau motar gyaɗa mai zuwa Katsina. A hanya ɗan doka ya tsayar da mu, ya tambaye ni inda za ni. Na ce neman mai haɗa-baki.

"Da wa za ku haɗa bakin? Wa za a cuta?"

Sai da direba ya rantse masa cewa ni tela ne kawai, sannan muka wuce ana ta dariya.

Kurfi zuwa Tamawa

Da hantsi na sauka Kurfi, na sha fura, na ari jakin wani abokina. Na iske Iya Dije tana sussuka. Da ta ji saƙon sai ta yar da taɓarya ta rangaɗa guɗa.

Ta ja ni ɗakinta ta ɗage tabarma. Fasassun tukwane ne aka goge gefensu, aka jera cikin daɓe, ja kusa da baƙi, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba.

"Ka gani? Bakin wannan ya haɗu da bakin wancan. Haka maza ke fassara shi. Mu kuwa, kakarmu ta ce daga waƙa sunan ya fito. In mata ba su haɗa baki wajen amshi ba, madaɓai ba su sauka tare, sai jerin ya karkace."

Komawa

Washegari muka kamo hanya, ita bisa jaki, ni da buhun tsingaro a ka. Mata suka taru a gidanmu, ta koya musu amshi, aka yini ana bugu ana yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa.

Da ya bushe, Inna ta tuɓe takalmi ta taka a hankali, tana lalube da tafin ƙafa har ƙuryar ɗaki. Ta juyo ta ce, "Dije, hannunki bai tsufa ba. Ku shigo mani da gadona."

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa mutanen Tamawa da alheri.