Hoton shanun Baba

Na kai hoton shanun Baba gasar hotuna a lise, wato makarantarmu ta sakandare, sai Madam mai koya mana odinata, wato kwamfuta, ta buɗe wani baƙin shafi a fuskar na'urar, ta rubuta umarni layi ɗaya. Sai ga lambobin da ke ɓoye cikin hoton, masu nuna daidai inda garken ke kwana, bayan garin Dogo-Dogo.

Saboda ɓarayi, Baba ba ya faɗa wa kowa wurin nan.

Na ce a hankali, "Madam, ana iya gogewa?"

Ta matsa mini kujera. "Ke za ki goge, 'yata. Shanunku ne."

Ta karanto umarnin gogewa, na rubuta. Lambobin suka ɓace, shanun na nan.

Ku fa, kun taɓa duba abin da hotunanku ke ɗauke da shi?