Ranar da na kira iyayen yara duka

A shekarun da 'yan gudun hijira suka cika Yola, ina koyar da kwamfuta a wata firamare mai zaman kanta a Jimeta. Ƙarar fashewar tayar mota ma kan sa mu tsugunna. Madam, shugabar makarantar, ta ce in samo hanyar da za a kira iyaye duka lokaci ɗaya idan abu ya faru. Na haɗa shafinmu na intanet da wani kamfanin waya, na ɗauki muryarta tana cewa da Hausa da Fulatanci: "Ku zo ku ɗauki yaranku yanzu." Maɓalli ɗaya za a danna, kowace waya ta yi ƙara. Har fankama nake yi a ɗakin malamai.

Jerin lambobi biyu na ajiye: na gwaji, mai lambata kaɗai, da na iyaye. Wata safiyar Talata na zauna gwadawa, na danna, na zuba wa wayata ido. Shiru. Da na ɗaga kai sai na ga lambobi suna gangarowa a allon, kowace an rubuta an ɗauka. Ashe jerin iyaye na zaɓa. Na zare wayar lantarki kamar hakan zai hana, alhali kiran ya riga ya tafi.

Kafin in gama yi wa Madam bayani, ƙofar makaranta ta cika. Mata ba mayafi, kekunan Napep a karkace, yara na kuka don sun ga iyayensu na kuka. Tsoron da na ji shi ne a tattake wani yaro a ƙofar nan, kuma ni na jawo. Madam ta hau benci tana ihu: "Gwaji ne! Lafiya lau!" Allah ya tsare, ba wanda ya faɗi.

Wanda ya zo ƙarshe wani dattijo ne, mahaifin wata yarinya 'yar aji uku. Daga unguwar Shagari Low Cost ya taho a guje, takalmi ƙafa ɗaya. Duk mun san ya baro garinsu da yara biyu, ya iso Yola da ɗaya. Ya rungume ta ya zauna a ƙasa, ƙirjinsa na hawa da sauka.

Na durƙusa gabansa. "Baffa, laifina ne. Bari in cire lambarka har in gyara abin."

Ya kama hannuna ya matse. "Malam, kar ka cire. Waccan ranar ba wanda ya kira ni. Ko ƙarya ne, ka kira, zan zo."

Lambarsa ta zauna a jerin har yarinyar ta gama aji shida. Ni kuwa ban sake danna maɓallin nan ba sai na duba jerin sau biyu.