Gauɗen da Katanga ta Kauce wa

Yau shekara goma sha biyu da rasuwar yayana Sule, wanda a iya karatuna shi kaɗai ne a tarihin masana'antun Kano ya sa katanga ta kauce wa itace.

Maigadi ne a wani kamfanin fata a Challawa. Kusa da ɗakin gadinsa akwai wani gauɗe da ya riga kamfanin zuwa wurin. Da rana ba abin kallo ba ne: gajere, rassa a karkace, furen jiya ya yi rawaya ya yanƙwane. Sai bayan magariba sabon fure ke buɗewa fari fat, ƙamshi ya tashi, manyan malam-buɗe-littafi na dare su yi ta shawagi a kai, kuma ta dalilinsu yake yin 'ya'ya. Leburorin aikin dare kan tsaya nan su cika ƙirji kafin su shiga warin jima. Wanda ciwon shawara ya kama, Yaya ya haƙo masa 'yar saiwa ya jiƙa, ya mayar da ƙasa ya danne. Ni da nake malamin makaranta na sha cewa a fara da asibiti. Yakan ce, "To, Malam, je ka ɗauko mana asibitin."

Da aka zo ginin katanga, igiyar magina ta bi ta kan gauɗen. Manaja, wanda bai taɓa wuce la'asar a wurin aiki ba, ya ce a sare. Yaya ya ƙi, alhali 'ya'yansa shida, masu neman gadi kuwa sun cika bakin ƙofa.

"Ranku ya daɗe, ku kai magariba a nan yau. In kun ce a sare bayan nan, da hannuna zan sare."

"In ban tsaya ba fa?"

"Sai ku nemi mai gatari, da sabon maigadi."

Manaja ya tsaya, hannu a aljihu, har furen ya buɗe. Sannan ya shiga mota. Washegari aka matsar da igiya taku uku.

Makon jiya na leƙa wurin. An sallami rabin leburori, ruwan kwata ya zaizaye ko'ina sai inda saiwar gauɗen ta riƙe ƙasa. Da Yaya yana raye, ina jin abin da zai fara tambaya shi ne wa ke haƙar saiwa ba ya mayar da ƙasa. Yaya bai bar ko hoto ba, amma tsofaffin leburori har yanzu in za su wuce sai sun ja numfashi sun yi masa addu'a.

Bayan sadakar arba'in matarsa ta gaya mini cewa sinadarin jima ya kashe masa hanci tun shekararsa ta biyu a kamfanin. Ranar da ya tsayar da manaja, ba ya jin ƙamshin komai.