Dashen Tumatir Shida

"To, sai yaushe zai nuna?" in ji wani dattijo.

"Sai Fabrairu, in ka yi sa'a," in ji Noelene mai sayar da dashen tumatir. "Kuma kar ka dasa sai bikin manoma na Oktoba ya wuce, sanyi zai kashe shi. Kai da ka tsufa a cikin ƙanƙara, ni zan koya maka sanyi?"

Bai yi dariya ba. Ina bayansa a layi, a kasuwar Asabar ta Hobart, garin bakin teku a can kudancin duniya. Dogo ne, furfura ta cinye gemunsa, fatar hannunsa duk ta tsattsage. Daga jin maganarsa ba ɗan ƙasar nan ba ne. Yana tsaye ƙafafu a ware, hannu ɗaya dafe da tebur, irin tsayuwar ma'aikatan jirgin ruwa, kamar ƙasar za ta karkata. Ina jin har yanzu barci ba ya ɗaukarsa a gadon da ba ya motsi.

"Jirgin ruwanmu zai koma kudu, tekun ƙanƙara, ƙarshen wata," ya ce a hankali. "Yau suke jiran amsata, ko zan bi su ko zan zauna. Matata ta ce ta gaji da zaman kaɗaici a garin da ba ta san kowa ba."

"Ai kuwa, Baba, tumatir sai da mai ba shi ruwa kullum."

Ya daɗe yana kallon bakin teku. Sannan ya murza ganye ɗaya, ya shinshina yatsunsa, ya lumshe ido.

"Ba ni shida."

Ya rungume kwalin a ƙirjinsa, ya tafi yana tambayar mutane wace bas ce ke zuwa unguwarsu, Moonah.